Iska na kaɗa mini kai a doguwar tafiya: in ƙara tsawon gilashi ko in rage?

Auwalu Ɗan Tafiya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a harkar doguwar tafiya da babur. Mashin ɗina irin na tafiya ne, mai gilashin gaba. Da zarar na wuce kilomita 90 a awa sai hular kwanona ta fara rawa, kaina na kaɗawa hagu da dama, har rubutun allon hanya ba na iya karantawa da kyau saboda ido ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ga wata ƙara bub-bub-bub a kunne. In na sauka wuya ya riƙe, kai na sarawa. Wani ya ce in sayi gilashin da ya fi wannan tsawo. Na ce bari in tambaya kafin in kashe kuɗi. Tsawona santimita 180 ne, ko hakan zai yi amfani.

Alhaji Sabo:
Wa alaikumus salam. Wanda ya ba ka shawarar nan ya yi gaskiya, ƙanina. Sayi dogo ka huta. Ni nawa ya wuce kaina, ta cikinsa nake kallon hanya, ko gefen rigata ba ya motsi.

Sarkin Gudu:
Ni kuma akasin haka zan ce, Alhaji ya yi haƙuri. Kwance gilashin gaba ɗaya ka ajiye, ka yi tafiyar rabin awa babu shi. Za ka sha mamaki.

Auwalu Ɗan Tafiya:
To ga shi tun ba a je ko'ina ba shawara ta rabu biyu. Babu gilashi ai iskar ce za ta tuge ni daga kan mashin.

Injiniya Kabiru:
Malam Auwalu, su biyun kowa ya faɗi wani ɓangare na gaskiya, shi ya sa maganar ke rikita mutane. Ba yawan iska ke kaɗa maka kai ba, irin iskar ce.

In babu gilashi, iska na zuwa maka a miƙe, da ƙarfi ɗaya, tana tura ƙirjinka baya. Za ka gaji a hannu da kafaɗa, amma kanka ba zai yi rawa ba, domin turin bai canzawa. In ka sa gilashi, iskar tana hawa jikinsa, in ta kai bakinsa na sama sai ta tsinke ta fara murɗewa, gungu-gungu, ɗaya bayan ɗaya. A bayan gilashin kuma, inda kake zaune, nauyin iska ya ragu, saboda haka iskar gefe da ta ƙasa suna rugowa su cike wurin. Duba ruwan rafi in ya ci karo da dutse: a gaban dutsen lafiya lau yake gudu, amma a bayansa juyawa yake yana tafasa. To kanka a wannan bayan dutsen yake zaune.

Akwai wuri uku ke nan. Can ƙasa a ɓoye bayan gilashi, shiru. Can sama inda iska ke tafiya a miƙe, akwai ƙara amma babu kaɗawa. Sai tsakiya, layin da murɗaɗɗiyar iskar ke bi. Alhaji ya nutse ƙarƙashin layin, Sarkin Gudu ya fita samansa. Kai kuma hularka a kan layin take daidai.

Auwalu Ɗan Tafiya:
Allah ya ƙara basira, Injiniya. Yanzu na fara ganewa. To ta yaya zan san ko hawa zan yi ko sauka?

Injiniya Kabiru:
Gwaji ne da ba ya cin ko sisi. Nemi miƙaƙƙiyar hanya da babu motoci, ka kai gudun da abin ke fara maka. Ka ɗan sunkuya, ka rage tsawonka da kamar santimita 5 zuwa 10. In kaɗawar ta tsaya, ƙarin tsawo kaɗan zai iya yi maka magani. Sannan ka miƙe zaune sosai, ko ka ɗan ɗaga jikinka daga kujera. In nan ma ta tsaya, gajeren gilashi zai yi maka. In ta tsaya a duka biyun, zaɓi naka ne. In kuwa ko ka sunkuya ba ta daina ba, to ba daga saman gilashi iskar ke zuwa ba, ko ka sayi wanda ya kai ƙofar ɗaki tsawo ba abin da zai canza.

Baba Makaniki:
Wannan na ƙarshen shi ne abin da na fi gani a wurin aiki. Mutum ya sayi gilashi na biyu, na uku, duk banza, alhali iskar daga ƙasa take tasowa. Tana shigowa ta gefen shokozoban gaba, ta bi tsakanin tanki da murfin gaba, ta hau ƙirji, ta shige ƙarƙashin haɓar hula ta ɗaga ta.

Ɗana Auwalu, ƙara wannan a kan gwajin Injiniya. Kana cikin tafiya, hanya babu kowa, ka saki hannun hagu na ɗan lokaci kaɗan ka shimfiɗa shi a gicciye a gaban ƙirjinka, saman tanki. In ƙarar ta mutu nan take, ka kama ɓarawon. Sai ka matsar da tafin hannun gefen tanki, kusa da madubi, saman gilashi. Duk inda ka sa hannu ka ji shiru, nan ne wurin gyara. Kada dai ka yi wannan a kwana ko kusa da babbar mota.

Alhaji Sabo:
Baba, da girmanka, amma duk wannan dogon lissafi ne. Manyan baburan tafiya irin Gold Wing ai da katon gilashi suke zuwa. Kamfanin Honda bai san abin da yake yi ba ne?

Injiniya Kabiru:
Ya sani sarai, Alhaji, shi ya sa in ka duba gilashin Gold Wing da yawa za ka ga 'yar taga a tsakiyarsa da ake buɗewa a rufe. Ba don shan iska kawai aka yi ta ba, tana barin iska ta shiga bayan gilashin ta cike wurin da nauyinta ya ragu. Daga samfurin 2018 kuma sai suka sa gilashin da ake ɗagawa a sauke da maɓalli, domin tsawo ɗaya ba zai yi wa kowa daidai ba. BMW ma sun daɗe da irin wannan a jerin RT.

Harley-Davidson fa? A samfurin 2014, lokacin da suka sabunta baburansu na tafiya da shirin da suka kira Project Rushmore, sun buɗe kafa a murfin gaba, ƙasan gilashi, musamman saboda wannan kaɗa kan. Wato kamfanin da ya yi shekaru yana toshe iska ya dawo yana buɗe mata hanya. Tun 1976 ma, da BMW ta fitar da R 100 RS wanda Hans Muth ya zana, sai da aka kai shi ɗakin gwajin iska na Pininfarina a Italiya, kuma in ka ga hotonsa gilashin ba wani dogo ba ne. Siffa da kusurwa suka yi aikin.

Alhaji Sabo:
To ni dai nawa ba taga ba kafa, kuma lafiya lau nake tafiyata.

Sarkin Gudu:
Alhaji, da daddare fa? In fitilar motar da ke tahowa ta haske gilashin nan da ƙura da matattun ƙwari suka rufe, me kake gani? In ana ruwa kuma? Babur ba shi da abin goge gilashi irin na mota. Ruwa a gilashin hula, ruwa a gilashin gaba ciki da waje, ta cikinsu duka za ka hango rami?

Alhaji Sabo:
Ba na tafiyar dare, kuma da tsumma nake yawo.

Sarkin Gudu:
Hadari ba ya neman izini kafin ya sauko, ranka ya daɗe.

Malam Nura (mai kula da zaure):
A yi a hankali jama'a. Sarkin Gudu, hujjarka ta fito, ba sai an ja ba. Ga sababbin shiga: abin da yawancin masu ƙera gilashi ke ba da shawara shi ne bakin gilashin na sama ya tsaya wajen saitin hanci ko leɓen sama in kana zaune yadda ka saba, ta yadda za ka riƙa kallon hanya ta samansa, in ka so fakewa kuma ka ɗan sunkuya. Wanda ya zaɓi kallo ta ciki, ya san abin da ya ɗauka.

Baba Makaniki:
Akwai abu guda game da dogon gilashi da ba a taɓo ba. A duba inda aka ɗaure shi. In a jikin firam yake, iskar da ta buge shi jikin mashin take turawa. In kuwa a kan hannun tuƙi ko shokozoba aka ɗaure shi, duk bugun da ya sha sai ya shiga sitiyari. Tirela ta wuce ka ko iskar gefe ta taso, sai ka ji kan mashin na neman ƙwacewa. Girman gilashi, girman abin da iska za ta kama. Irin wannan mashin ba na yarda a ɗora masa katon gilashi.

Auwalu Ɗan Tafiya:
Nawa a jikin firam yake, Baba, ba ya juyawa da kan mashin. Na fita ɗazu na yi gwajin. In na sunkuya abin yana raguwa amma bai tafi duka ba. In na ɗaga jiki sama, kai ya tsaya cak, sai dai ƙarar iska. Da na gicciya hannu a saman tanki kuwa, wallahi bub-bub ɗin ya ragu sosai. Ke nan abu biyu ne a tare?

Baba Makaniki:
Biyu ne, kuma haka ya fi yawa. Fara da na ƙasa.

Injiniya Kabiru:
Na yarda da Baba, kuma dalili shi ne su biyun uwarsu ɗaya. Wurin da ke bayan gilashinka yana tsotsar iska. Shi ke jawo ta ƙasa ta hau, shi ne kuma ke jawo layin sama ya faɗo kan hularka maimakon ya wuce. In ka ciyar da wurin da iska mai tsabta, duka biyun za su yi sauƙi.

Hanya mafi arha: kwance gilashin, ka sa wosha ko 'yan gajerun bututu tsakaninsa da mazauninsa, da noti masu ɗan tsawo, ya zama akwai tazarar santimita 1 ko 2 a gindinsa. Iska za ta shiga ta nan ta hau ta bayan gilashin, ta haɗu da ta gaba a sama, su tafi tare ba tare da tsinkewa mai ƙarfi ba. Kamfanin Madstad a Amurka kusan duk sana'arsa ke nan, mazaunin gilashi mai barin tazara, wanda ake canza wa tsawo da kusurwa. In ka sa wosha a sama kawai ko a ƙasa kawai, kusurwar ce za ta canza. Gilashin da ya miƙe tsaye sosai ya fi yaga iska, wanda ya ɗan kwanta baya ya fi sakinta a hankali. Amma abu ɗaya za ka riƙa canzawa kafin ka gwada, in ka canza uku a tare ba za ka san wanda ya yi aiki ba.

Sannan akwai ɗan ƙaramin gilashi da ake maƙalawa a bakin babban. Kamfanin MRA na yin X-Creen, Puig na da nasu, Givi kuma suna da Airflow mai hawa biyu da ake zugewa. Mutane na ɗauka ƙarin tsawo ne kawai. Sirrin yana cikin tazarar da ke tsakanin gilasan biyu: iskar da ta bi ta wannan kafa tana fita da sauri ta tura layin sama.

Sarkin Gudu:
Kafin ka sayi ko ɗaya, yanki kwali mai kauri ka manna da salatif a inda kake tunanin sa abin. A saman gilashi, ko a gefen tanki inda hannunka ya kashe ƙarar. Muni ne da shi, amma zai gaya maka gaskiya cikin minti goma. In kana son ganin iskar da idonka, manna gajerun zare a jikin gilashi da tanki da kafaɗar rigarka, wani ya ɗauke ka bidiyo, ko ka ɗaure waya. Zaren da ya kwanta ya miƙe, iskarsa mai tsabta ce. Wanda ke rawa ko yake nuna gaba, nan rikicin yake. Masu gwajin jiragen sama ma suna amfani da wannan dabara.

Alhaji Sabo:
Babur mai tsada a manna masa kwali! Allah ya kyauta.

Sarkin Gudu:
Na yini ɗaya ne, Alhaji. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Maman Safiyya:
Sallama gare ku. Ni ba na tuƙi, a baya nake zama in za mu yi tafiya da maigida, kuma tun ɗazu ina karantawa ban ga wanda ya tuna da na baya ba. Lokacin da ya sa dogon gilashi shi ya samu sauƙi, ni kuwa abin a kaina ya dawo. Iskar da ta tsallake kansa a fuskata take sauka, wata kuma ta baya take zuwa tana tura mini ƙeya gaba. Duk wanda zai gyara gilashi, ya gwada da wanda yake ɗauka, ba shi kaɗai ba.

Injiniya Kabiru:
Gaskiyarki, Hajiya. Layin nan ba ɓacewa yake ba, matsar da shi ake yi, kuma sau da yawa wurin da yake faɗowa shi ne kan na baya, musamman da yake kujerar baya ta fi ta gaba tudu. Iskar da kike ji a ƙeya kuma ita ce mai juyowa ta cike bayan gilashi. Kuna da akwatin baya?

Maman Safiyya:
Akwai, babba ma. In an cire shi iskar ƙeyar ta fi yawa, amma da shi kuma ƙara ta fi.

Injiniya Kabiru:
To ku gwada buɗe tazara a gindin gilashin, ku kuma sauke shi kaɗan. Maigida zai ɗan ƙara shan iska a goshin hula, ke kuma ki samu sauƙi. Tafiyar mutum biyu dole kowa ya ɗan sadaukar.

Bashir Mai Hula:
Ku bari in sa baki ta fannin da na sani. Ana ta zargin gilashi, amma hular kwano ma tana da laifinta. Auwalu, hularka mai baki ce a goshi, irin ta masu shiga daji?

Auwalu Ɗan Tafiya:
Eh, mai baki ce, yaya Bashir. Saboda rana na zaɓe ta.

Bashir Mai Hula:
To kwance bakin nan ka gwada, yawanci noti biyu ko uku ne. Bakin yana da amfani a hanyar daji da gudu kaɗan, amma a kwalta da gudu sama da 100 shi ne abin da iska ke kamawa ta girgiza kai. Na biyu, hular ta kama kanka? In ka riƙe ta da hannu ka juya, fatar kumatunka ya kamata ta bi ta. In hular na zamewa ita kaɗai, ta yi maka yawa, kuma ƙaramar iska ma za ta kaɗa ta. Soson ciki yana lanƙwashewa da daɗewa, hular da ta kama ka bara ba lallai ta kama ka bana ba. Na uku, labulen haɓa. Tunda hannunka a kan tanki ya rage ƙarar, ɗan ƙyallen da ke toshe ƙarƙashin haɓa, ko mayafin wuya mai kauri, zai taimaka maka sosai. Kamfanoni irin Schuberth da Shoei suna da ɗakunan gwajin iska nasu, amma ko hularsu ka sa, in ta zauna a kan layin da Injiniya ya faɗa sai ta yi ƙara.

Baba Makaniki:
A ƙara da madubi da garkuwar hannu. Madubi mai faɗi kusa da gefen gilashi yana jefo tasa iskar saitin kunne. Naɗe su ko ka juya su na ɗan gwaji a hanyar da babu kowa, ka ji bambanci.

Kuma ina so a raba abu biyu, don ina jin wasu na haɗa su. Kai ya yi rawa daban, mashin ya yi rawa daban. In jikin babur ne ke lilo a gudu, ko kansa na karkarwa, wannan ba maganar gilashi ba ce. A duba iskar taya, a duba boris na wuyan mashin, a duba nauyin da aka lafta a akwatin baya. Wannan yana kayar da mutum, kada a tsaya manna kwali.

Sarkin Gudu:
Idan aka zo ga yanke gilashi fa, Baba? Ni nawa yanke shi na yi da kaina.

Baba Makaniki:
Ana yi, amma a san irin robar. Akwai akirilik, akwai folikabonet. Akirilik yana da saurin tsagewa in zarto ya yi masa gaggawa, folikabonet ya fi haƙuri. A rufe fuska biyun da salatif na takarda, a zana layi, a yanka a hankali da zarto mai ƙananan haƙora, a goge bakin da samfefa har ya yi sumul. A rage kaɗan-kaɗan, santimita 2 a lokaci guda, domin abin da aka yanke ba ya komawa. In da hali, a samo tsohon gilashi a koya a kansa.

Alhaji Sabo:
Ni dai har yanzu ban ga abin da zai sa in taɓa nawa ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Amma maganar Hajiya ta shige ni, zan tambayi mai ɗakina yadda take ji a baya, don ban taɓa tambaya ba.

Auwalu Ɗan Tafiya:
Na cire bakin hula, na sa wosha a gindin gilashi. Har 110 kai ba ya rawa yanzu, daga 120 yake ɗan dawowa. Bayan manyan motoci kuwa yana nan yadda yake.

Injiniya Kabiru:
Na bayan manyan motoci ba shi da magani a jikin mashin ɗinka, domin iskar a yamutse ta iso gare ka. Ka ba su tazara mai yawa, ko ka wuce in hanya ta ba da dama. Na 120 kuma lissafi ne: ƙarfin iska yana ƙaruwa da ninkin gudu a kansa. Daga 80 zuwa 120 gudu ya ƙaru da rabi, amma turin iska ya ninka sau 2.25. Daga 100 zuwa 120 kawai ƙarin kashi 44 cikin 100 ne. Abin da ya rage maka, gwada kwalin Sarkin Gudu a gefen tanki, in ya yi aiki ka nemi 'yan fukafukan roba da ake ɗaurawa a wurin.

Bashir Mai Hula:
Ƙarar fa, Auwalu? Kana toshe kunne?

Auwalu Ɗan Tafiya:
A'a. Ina tsoron kada in kasa jin hon ɗin mota.

Bashir Mai Hula:
Za ka ji, har ma ka fi ji, domin gurnanin iskar ne ke danne sauran sautuka. A gudun babbar hanya ƙarar cikin hula tana wuce desibel 90 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), ko da gilashinka ya daidaita. Ma'aunin hukumar NIOSH ta Amurka mai kula da lafiyar ma'aikata shi ne desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1, 100 kuwa minti 15 kacal. Kai kuma yini kake yi a hanya. Jin da ya lalace ta wannan hanya ba ya dawowa. Abin toshe kunne na soso ya isa: ka murza shi ya sirance, ka ja kunnen sama da ɗayan hannun, ka tura, ka riƙe har ya kumbura a ciki. In ka ga rabinsa a waje, bai shiga ba, kuma hula za ta tuge shi lokacin sawa.

Maman Safiyya:
Na baya ma ya toshe?

Bashir Mai Hula:
Ke ce ma kika fi buƙata, Hajiya, tunda iskar da ta tsallake maigida a kanki take sauka. In na soso yana miki ciwo, akwai ƙananan na roba masu laushi da ake wankewa a sake sawa, sun fi zama a ƙaramin kunne.